Wasiƙun Fataken Fata a Bakin Tekun Hadsan

A cikin 1670 Sarkin Ingila Charles II ya ba wani kamfani na birnin Landan izinin ciniki a bakin Tekun Hadsan, can arewacin ƙasar da yau ake kira Kanada. Abin da suke nema shi ne fatar biba, wata dabbar ruwa wadda ake yin malafa da gashinta a Turai. Da wannan fata ake ƙidayar kuɗin kowane kaya, kamar yadda aka yi da wuri a kasuwanninmu na dā.

Ƙanƙara takan rufe hanya yawancin shekara, saboda haka jirgi sau ɗaya yake zuwa, da rani. Watau wakilin kamfani sau ɗaya yake aika wa iyayen gidansa wasiƙa, sa'an nan ya jira shekara guda kafin amsa. A cikin 1965 aka tattara wasiƙun 1703 zuwa 1740 aka buga su littafi guda.

Lalle wasiƙun nan suna da daɗin karatu, gama ba su da ado. Wakili yakan yi kukan bindigogi masu lalacewa cikin sanyi, ya roƙi tabar Birazil wadda masu kawo fata suka fi so, ya kai ƙarar Faransawa da ke tare masa ciniki.

Amma mai karatu ya lura, wannan maganar bara ce ga ubangidansa. In ciniki ya yi kyau, ƙoƙarinsa ne. In ya faɗi, laifin kaya ne ko na sanyi. Mutanen Kiri kuwa, waɗanda suka yi farautar, suka tuƙo kwale-kwale tafiyar makonni, ba mu jin muryarsu sai ta bakin mai sayensu. Dubi Thanadelthur, macen da ta sulhunta kabilarta ta Cipewayan da Kiri a 1716, hanyar ciniki ta buɗe. Gwamna James Knight ya yabe ta ƙwarai a littafinsa na yau da kullum, amma da sunan baiwa ya kira ta. Sunanta na yanka a bakin mutanenta ya wanzu.

To, ku da kuka koyi karatu, kada ku ɗauka duk abin da aka sa a takarda shi ke nan gaskiya ta cika. In wasiƙa ta zo hannunku, ku tambaya: wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, wa kuma aka bari ba a ji ta bakinsa ba?