Igiya Biyu, Fitila Uku: Shirin Masu Sauka Ƙarƙashin Ruwa

Daga watan Maris zuwa Mayu, idan bazara ta kankama, rijiyoyin Gusau da Tsafe da Bungudu sukan ja baya. Ƙasar wannan yanki a kan dutse take zaune. Wanda ya ga dutsen Kwatarkwashi ko duwatsun da ke kewaye da Tsafe ya ga irin abin da ke shimfiɗe ƙarƙashin gidajenmu. Ruwan rijiya a cikin marmara da ruɓaɓɓen dutse yake taruwa, kuma ba shi da yawa. Da zafi ya tsananta sai guga ya fara dawowa da laka. A lokacin ne ake neman mai yasa.

Mutane sukan yaba wa mai yasar rijiya da ƙarfin hali, kuma ya cancanci yabon. Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne buhun da yake saukewa daga kan babur, da yadda yake zazzage shi a ƙasa tun kafin ya leƙa rijiyar. Akwai ɗan dagi, da diga mai gajeriyar ƙota, don doguwa ba ta juyuwa a cikin ramin da faɗinsa bai fi mita ɗaya ba. Akwai bokitin fitar da laka, da tocila, da wuƙa cikin kube. Akwai ƙugiya mai baki da yawa, irin wadda ake aiken yaro maƙwabta ya ce, "Wai in ji Inna a ba mu aron ƙugiya, guganmu ya faɗa." Sai kuma igiya biyu.

Ɗaya ta kaya ce, ɗaya ta rai. Ta kaya ita ke hawa da sauka da bokiti, tana gogar bakin rijiya, tana shan laka, don haka ita ke saurin cinyewa. Ta rai a ƙirjinsa take ɗaure, ɗaya bakin kuma a jikin bishiya ko turke mai ƙarfi, kuma gwani ba ya yarda a ja ko bokiti ɗaya da ita. Kafin ya ɗaura ta sai ya bi ta da hannu daga wannan baki zuwa wancan, yana murzawa, yana ɗan buɗe tufkar ya dubi cikinta. Igiyar roba da ta daɗe a rana tana iya yin kyau a ido alhali ta ƙone. In aka murza ta sai ta riƙa zubar da gari. Yakan ajiye guntun tsohuwar taya ko ninkakken buhu a bakin rijiya inda igiya za ta bi, don kaifin siminti yana yanka a hankali. A aljihunsa kuma akwai guntuwar igiya ta ko-ta-kwana, saboda hannun bokiti na iya ballewa a tsakiyar aiki.

Sai gwajin iska, wanda shi ne ainihin ilimin sana'ar. Yakan kunna fitila ko kyandir, ya sa cikin bokiti, ya zura a hankali yana kallon harshen wutar. In ta kai ƙasa tana ci, to. In ta yi rauni ko ta mutu, ba mai sauka. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 21 cikin 100 nata iskar oksijin ce, kuma wutar kyandir takan mutu tun kafin oksijin ya ragu zuwa inda zai kayar da mutum nan take. Ganye da tarkacen da ke ruɓewa a ƙasan rijiya suna fitar da wata iska mai nauyi da ke kwanciya a can, ba launi ba wari. Maganinta shi ne a kaɗa ramin, a riƙa zura rassan ganye ana jawowa, a bar shi a buɗe, a sake gwaji. Wannan gwaji na rijiyar ruwa ne kawai. Ba a zura wuta a ramin masai, don iskar cikinsa tana iya kamawa. Kuma akwai abin da kyandir ba ya nunawa: hayaƙin injin ban ruwa. Injin fetur da aka zura cikin rijiya don ya zuƙe ruwa yana cika ramin da guba mai sa mutum ya sume bai ankara ba. Shi ya sa ƙwararre yake barin injin a sama, nesa da baki, ta ɓangaren da iska ke tafiya, tiyo kaɗai ke sauka.

Kafin ya zura ƙafa yakan juya ga yaronsa ya maimaita masa yarjejeniyarsu: ja ɗaya na nufin lafiya lau, ja biyu a ɗauke bokiti, ja da yawa a fito da shi. "In ka kira ni ban amsa ba, kada ka sauko, ja ni." Yaron ya ce, "To, Maigida." Duk wanda ke bin labaran jami'an kashe gobara a Arewa ya san dalilin wannan gargaɗi. Sau da yawa rijiya ba mutum ɗaya take ci ba: na farko ya sume, ɗan'uwansa ya bi shi don ya cece shi, shi ma ya faɗi.

Haka abin yake a gulbi. Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya ratsa Gusau da Bungudu ya nufi madatsar Bakolori, yana da nasa gwanaye: masunta da mutanen Sarkin Ruwa, waɗanda ake kira idan ruwa ya ci mutum. Gusau ta san ƙarfin wannan ruwa tun ranar da madatsarta ta ɓalle a ƙarshen Satumbar 2006, aka rasa mutane kusan 40. Da jirgin ruwa ya kife da manoma a Gummi cikin Satumbar 2024, masu nutso na gari suna cikin waɗanda suka shiga neman mutane. Jarinsu numfashi guda ne. Minti ɗaya ko biyu suke da shi a ƙasa, suna lalube da hannu cikin duhu, su fito su sha iska su koma.

A wasu ƙasashe mai irin wannan aiki goyon iskarsa yake yi. A 1943, a Faransa, hafsan sojan ruwa Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka haɗa na'urar da ta ba mutum damar shiga ruwa da silindar iska a baya, ba tare da tiyo ya haɗa shi da sama ba. Gagnan ya samo dabarar ne daga regiletar da ya ƙera wa motoci masu amfani da gas a lokacin ƙarancin fetur na Yaƙin Duniya na Biyu. Har yau tsarin bai canza sosai ba. Ana ɗura iska cikin silinda har matsinta ya kai kusan ninki 200 na iskar waje. Regileta ta farko, da ke bakin silinda, ta rage shi zuwa kimanin ninki 10. Ta biyu, da ke bakin mai nutso, ta ba shi iska daidai da matsin ruwan da yake ciki, kuma sai ya ja numfashi take buɗewa.

Duk wannan ƙarfi, abin da ke tsare shi a mahaɗar silinda da regileta wani zoben roba ne da faɗinsa bai kai santimita 2 ba. Uwargidan da ta taɓa jin tukunyar gas ɗinta tana huci saboda robar bakinta ta lalace ta san irinsa. In ya tsage, aiki ya tsaya. Don haka gogaggen mai nutso ba ya rabuwa da wani ɗan akwati, kuma abu na farko a cikinsa zobban roba ne, manya da ƙanana, kowane a ma'ajinsa. Kusa da su akwai ɗan tsinke na tagulla ko na roba mai tauri na ciro tsohon zobe. Ba a amfani da allura ko bakin wuƙa, don ƙarfe yana karce mazaunin zoben, kuma mazaunin da ya karce ko sabon zobe aka sa masa yoyo zai yi. Akwai man silikon, wanda ake ɗan shafa wa zobban tiyo har su yi sheƙi kawai. Basilin da man inji ba sa zuwa kusa. Suna lalata roba, kuma in iskar da ke cikin silinda mai ƙarin oksijin ce, maiƙo na iya tayar da wuta.

Abin sha'awa ne ka ga gwani yana neman yoyo. Yakan buɗe silinda a hankali, fuskar agogon matsi tana kallon gefe, ya kara kunne. Sai ya rufe, ya zuba wa allurar agogon ido. In ta tsaya cak, lafiya. In tana sauka, akwai inda iska ke fita, sai ya bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da ruwan sabulu har ya ga inda kumfa ke tashi. Kafin ya kwance komai sai ya rufe silinda ya saki iskar da ta rage a tiyo. Sifana biyu yake sawa, ɗaya ta riƙe ɗaya ta juya, kuma ba ya ɗaurewa da ƙarfin tsiya, don yawancin mahaɗan nan na tagulla ne, haƙoransu ba sa jure danniya. Alanki na cikin akwatin saboda ƙananan murafan da ke toshe ƙofofin regileta, da murafan kansu guda ɗaya ko biyu, ta yadda in tiyo ya fashe za a iya sauya shi a toshe inda ya kamata.

Sauran kayan ƙanana ne, amma kowanne yana iya hana shiga ruwa: robar da ake cizawa a baki, wadda haƙora ke hudawa, maɗaurin roba mai haƙora da ake ɗaure ta da shi, a datse jelarsa daidai kada ya yanki leɓe, maɗaurin gilashin fuska, maɗaurin takalmin iyo, batir, filaya, sukudireba.

Wannan akwati a bakin ruwa ake barin sa. A ƙarƙashin ruwa ba a gyara. Abin da ake yi shi ne a koma kan na ko-ta-kwana a fito. Shi ya sa mai nutso yake rataye da bakin numfashi na biyu, kuma ba ya shiga shi kaɗai. Lissafin ba ya sassauci: a zurfin mita 10 matsin ruwa ya ninka na sama sau biyu, iska ma ninki biyu ake sha, a mita 30 ninki huɗu. Regiletar da ta maƙale a buɗe tana iya zubar da silinda cikin 'yan mintuna, ga shi ba a fitowa da gudu, ba a kuma riƙe numfashi ana hawowa, don iskar da ke huhu tana kumbura yayin da matsi ke raguwa. Masu nutso cikin kogo sun fi kowa tsanani. Bayan Ba'amurke Sheck Exley ya bi diddigin yadda abokan sana'arsa suka mutu, ya fitar da ɗan littafi a 1979, kuma ƙa'idojin da suka kafu a wannan fage sun haɗa da igiyar da ba ta yankewa tun daga bakin kogo, da fitila uku ga kowane mutum, da raba iska kashi uku: ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na matsala.

A ruwanmu wuƙa da igiya sun fi fitila amfani. Da damina ruwan madatsar Gusau yakan yi kauri da laka har mutum ba ya ganin tafin hannunsa, ga tsofaffin taru da layin mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi sun sarƙe a kututture. Ƙwararru sukan ɗauki abin yanka biyu, wuƙa da almakashi, a wurare dabam-dabam, yadda kowane hannu zai kai ga ɗaya in ɗayan ya ɗaure.

Wani abin da ke burge ni ga waɗannan mutane shi ne sun san iyakarsu. Cikin regileta ta farko ba wurin taɓawa ba ne a bakin ruwa. Na mai gyaran da aka horar ne, a kan tebur mai tsabta. In matsalar ta fi ƙarfin akwati, sai mutum ya tuɓe kaya ya ce yau ba shiga, ko da kuwa daga nesa ya zo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Har injin ɗura iska suna bincika inda yake zuƙowa, domin in yana kusa da hayaƙin janareta, gubar nan ta cikin rijiya ce za a ɗura wa mutum ya goya.

Amfanin kayan ko-ta-kwana ya bayyana a tekun Najeriya cikin Mayun 2013, lokacin da jirgin Jascon 4 ya kife ya nutse zurfin kusan mita 30. Masu nutson da aka tura sun je ne don ciro gawarwaki. Bayan kusan awa 60 sai suka tarar da mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, da ransa a wani lungu da iska ta maƙale. Ba su da shirin mai rai, amma suna da kayan numfashin da za su sa masa, da igiyar ɗaure shi, da ɗakin rage matsi da aka ajiye shi ciki har jikinsa ya daidaita. Shi kaɗai ya tsira a jirgin, daga baya kuma ya koyi nutso ya zama sana'arsa.

Duk hukumar da za ta sayo kayan nutso don ceto a Zamfara, ya kamata ta sayo su da akwatin nan da mai kula da shi. Zafin bazara yana busar da roba, ƙurar hunturu tana shiga regileta, kuma kayan da aka kulle a sito shekara biyu ba a gwada ba sun fi rashinsu haɗari. Ana wanke su da ruwa mai tsabta bayan kowane aiki, a shanya a inuwa, a rufe bakin regileta, a ajiye zobba cikin leda nesa da rana. Silinda ana leƙa cikinta lokaci-lokaci don tsatsa, kuma a ƙasashe da dama ana yi mata gwajin matsi duk shekara 5. Waɗanda za a koya wa ba sai an je nesa neman su ba: 'ya'yan masunta na bakin gulbi a Gusau da Bungudu sun riga sun san ruwa, yaran masu yasa na Tsafe kuma sun saba riƙe igiyar rai suna sauraren ja.