Shaidar Ido a Rubutun Namun Daji

Akwai wani fanni na rubutu wanda ya daɗe a duniya amma bai samu masu yi masa hidima sosai a harshenmu ba, shi ne rubutun mutumin da ya ajiye kwari da baka, ya ɗauki ɗan littafi da alƙalami, ya tafi ya zauna inda namun daji suke, ya yi ta haƙuri kwana da kwanaki, har dabba ta saba da ganinsa ta koma harkarta kamar babu kowa. Sharaɗin wannan fanni, a ganina, shi ne wanda malaman hadisi suka ɗora wa mai riwaya, wato ya rarrabe abin da ya halarta da idonsa da abin da ya tsinta a bakin wani.

Jahizu mutumin Basra, wanda ya rasu wajen shekara ta 255 bayan Hijira, ya tara labaran dabbobi cikin Kitabul Hayawan, ya ɗebo daga Aristotal da waƙoƙin Larabawa da bakin makiyaya, amma abin da ya ɗaukaka littafin shi ne yadda yake tsayawa a kan labari ya auna shi da hankali, in bai gamsu ba ya faɗi shakkarsa a fili. Wannan ɗabi'a ta sake bayyana ga Gilbert White, limamin coci a ƙauyen Selborne na ƙasar Ingila, wanda aka buga wasiƙunsa a 1789. Da aka kawo masa sheƙar wani ɗan ƙaramin ɓeran gona, dunƙulalliya kamar ƙwallo, saƙaƙƙiya da ganyen alkama, da 'ya'ya takwas a ciki ko ido ba su buɗe ba, sai ya juya ta ya nemi ƙofa ya rasa, ya gangara ta bisa tebur ba ta warware ba. Ya kuma ɗora manyan ɓerayen guda biyu a ma'auni, suka zo daidai da nauyin rabin kwabo na tagulla. Duk sa'ad da na tuna da ma'aunin nan sai na ƙara ganin girman mutumin, domin da ya ce ɓeran ƙarami ne ya yi shiru babu mai tuhumarsa, amma bai yarda ya faɗi abin da bai gwada ba.

Inda fa'idar wannan tahaƙiƙi ta fi fitowa shi ne sha'anin kura. Mun tashi a tatsuniya muna jin ta matsoraciya, mai kwaɗayi, wadda Gizo ke yi wa wayo, mai jiran zaki ya ƙoshi ta samu ragowa. Turawa ma haka suka ɗauke ta. Sai Hans Kruuk, ɗan ƙasar Holan, ya shafe shekaru yana bin kuraye cikin mota da farin wata a Serengeti da Ngorongoro na ƙasar Tanzaniya, ya fitar da littafinsa a 1972, ya nuna cewa kura mai dabbare-dabbare mafarauciya ce wadda ke kashe mafi yawan abin da take ci, suna haɗuwa su kayar da jakin dawa, kuma a Ngorongoro sau da yawa zaki ne ke zuwa ya ƙwace. Wanda ya zo da hantsi ya iske zaki bisa nama, kuraye na zagaye suna jira, bai yi ƙarya ba, sai dai ya makara, tun da dare aka yi shari'ar. Ban zargi tatsuniya ba, domin ita halin ɗan Adam take nufi, ta ari fatar kura ta lulluɓa masa. Laifin yana ga marubucin da ya shiga daji da tatsuniyar a kansa, ya fito bai ga komai ba sai ita.

Masu irin wannan ido kuwa muna da su, su ne tsofaffin maharba, waɗanda ke durƙusawa bisa sawu su gaya maka ko gwanki ne ko ɓauna, ko na jiya ne ko na asuba, su murtsuke kashin giwa da yatsa su san nisan da ta yi, su san kuma lokacin da rani ke koro namun Yankari zuwa bakin kogin Gaji. Da yawansu sun tsufa, iliminsu yana ƙirji, kuma har yanzu masu alƙalami kaɗan ne suka ɗauki takarda suka bi su zuwa mashaya.