Zumunci Ba Sai Da Jini Ba: Nazarin Fim Ɗin Big Hero 6

A wannan fim na zane da Disney ya fitar a 2014, Hiro maraya ne, sannan wansa Tadashi ya rasu a gobara. Mutum-mutumi Baymax ne ya kirawo abokan marigayin, suka riƙe yaron tamkar ƙaninsu, har suka hana shi kashe Farfesa Callaghan. Shi ma Callaghan rashin 'yarsa ne ya zautar da shi, sai dai bai sami mai tausarsa ba. Nan ƙarfin labarin yake. Rauninsa kuwa, an mayar da Anti Cass, mai riƙon Hiro, 'yar kallo. 'Yan'uwa marubuta, mu nuna zumunci a aikace, mu rage cusa wa taurarinmu dogon wa'azi.