Hanyar Albasa: Sharhi a kan Tsarin Balaguron Makarantu da Ƙungiyoyi a Ƙasar Adar

Idan hutu ya ƙarato, akan samu ƙungiyoyin ɗalibai na koleji da lise, da ƙungiyoyin raya al'adu na jahar Tawa, suna shirin balaguro na kwanaki. Akan rubuta takarda guda mai ɗauke da ranar tashi, da garuruwan da za a ya da zango, da kuɗin mota da na abinci, a miƙa wa iyaye da hukuma. Ba a cika ɗaukar wannan takarda a matsayin rubutun da ya cancanci sharhi ba, alhali kuwa ita ce ke yanke wa ɗalibi hukunci a kan abin da ya isa a kira shi tarihi. Garin da aka ba kwana biyu an shaida masa daraja ke nan. Wanda aka ratsa cikin dare kuwa, tamkar an ce ba shi da abin faɗa. Saboda haka tsarin tafiya darasi ne tun kafin mota ta tashi, kuma ya kamata a auna shi da ma'aunin da ake auna darasi.

Hanyoyi biyu ne suka fi zuwa a ran masu irin wannan shiri. Ta farko ta nufi arewa, daga Tawa zuwa Abalak har Agadas, inda masallaci mai hasumiyar ƙasa ta mita 27 yake, a tsakiyar tsohon birnin da UNESCO ta sa cikin kayan gādon duniya a 2013. Ta biyu ta nufi kudu: Birnin Ƙonni, Doso, Gaya, a tsallaka gadar Malanbil, a bi ta Paraku zuwa Abome mai fadojin sarakunan Dahome, sannan Wida da ƙauyukan masunta na Garan-Popo a bakin teku. Babu mai musun darajar waɗannan wurare. Yaron da ya tsaya a gaɓar Wida, inda aka gina ƙofar tunawa da bayin da aka loda cikin jiragen ruwa a 1995, zai fahimci cinikin bayi fiye da yadda allo zai fahimtar da shi. Gani ya kori ji.

To amma wannan tsari yana da rauni ta fuska uku. Na farko, yana auna ilimi da nisa. Daga Madawa zuwa Kwatano ta Gaya ya haura kilomita 1,000, wato a balaguron mako guda kusan kwana huɗu cikin mota za su ƙare, sauran ukun a raba su tsakanin gajiya da ɗaukar hoto. Na biyu, yana ɗaure tarihi ga gini. Inda babu ganuwa ko fada ko hasumiya, sai a ɗauka babu abin da ya faru, yaron Buza ya dawo gida da tunanin cewa kakanninsa ƴan kallo ne a tarihin wasu. Na uku, tsari ne mai ƙafa ɗaya. Rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 ya nuna cewa shirin da ya rataya ga gada guda yana iya rushewa dare ɗaya, kamar yadda matsalar tsaro kan sa iyaye su ƙi sakin ƴaƴansu zuwa nesa. Ƙungiyar da ba ta san wata hanya ba sai ta zauna, shekara ta wuce babu fita.

Alhali kuwa hanyar da ta tashi daga Madawa ta bi ta Buza da Keita da Tamaske ta faɗa Tawa wajen kilomita 200 ce kawai, kuma abin da ke gefenta ya ishi kwana huɗu cur. A gundumar Madawa, ƙasar Gobir Tudu, ƙauyen Arewa yake, inda kabarin Malam Jibril ɗan Umar yake, malamin da Shehu Usman ɗan Fodiyo ya yi karatu a wurinsa, wanda kuma wa'azinsa ya share fagen jihadin 1804. Maratta, inda aka haifi Shehun a 1754, tana nan yamma kaɗan, kusa da Galmi. Ɗalibin da aka koya wa Daular Sakkwato a matsayin labarin ƙetaren iyaka zai ga cewa saiwarta na ƙarƙashin ƙafarsa. A wannan gunduma dai Galma da Azarori suke, mazaunin Abzinawan Kel Geres, waɗanda suka gangaro daga Ayar a ƙarni na 18, suka kuma gwabza da sojojin Faransa a Galma a 1901. Wuni guda ya isa a haɗa wa yara tarihin malunta da na turjiya ga mulkin mallaka, ba tare da an kwana a hanya ba.

Daga nan sai Buza da kwarin Majiya. Abin gani a nan itatuwa ne. Tun daga 1975, da tallafin ƙungiyar CARE, ma'aikatan gandun daji da manoman kwarin suka fara dasa layuka bibbiyu na bedi domin karya ƙarfin iskar da ke kwashe ƙasar noma tana binne shuka. Malamin kimiyya da na labarin ƙasa ba su da ɗakin gwajin da ya fi wannan: a tsayar da yara a bayan layin itatuwa, a kuma tsayar da su a fili, su ji bambancin da fatarsu, sannan su tambayi mai gona wa ke da ikon sassabe reshe, kuma yaya ake raba itacen.

Keita kuwa tana da tarihi hawa biyu. Na da shi ne na Lisawan, waɗanda suka shigo Adar tare da Agabba, ɗan Sarkin Agadas, lokacin da ya ƙwace ƙasar daga hannun Kabi a ƙarshen ƙarni na 17, kuma sarautar Keita a gidansu take. Na kusa shi ne babban aikin farfaɗo da ƙasa da aka soma a 1984, shekarar yunwar da mutane suka laƙaba wa El-Buhari, da kuɗin Italiya, da jagorancin hukumar FAO, da abincin da hukumar abinci ta duniya ke biyan ma'aikata da shi. An jera duwatsu a kan fako, an haƙa ramuka a jikin tuddai, an datse koramu, an dasa miliyoyin itatuwa. Galibin masu wannan aiki mata ne, domin maza sun tafi bida. Idan ganuwa ake nema, to ga ganuwar Adar nan, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka gina ta da hannunsu suna raye, ana iya zama a gabansu a yi tambaya.

Sai dai kusanci kaɗai ba ya gyara tsari. Balaguron gida ma yana iya lalacewa idan aka yi masa shirin gaggawa, kuma akwai sharuɗɗan da takardar ya kamata ta cika. Na farko lokaci. Babban hutu yana faɗowa cikin damina, lokacin da korama kan yanke hanya, manomi kuma ba shi da sukunin baƙo. Hutun ƙarshen watan Maris yana dacewa da cirar albasa a fadamar Tarka, amma zafi kan haura digiri 40. Hutun Disamba ya fi sauƙi ga yara, garake kuma suna kore. Na biyu ranakun kasuwa. Garin Adar ranar kasuwarsa yake bayyana kansa, don haka a kan kasuwanni ya kamata a ɗora jerin kwanakin: tabarmin kaba na Madawa, da buhunan albasa na Sabon Gida, da dabbobin da makiyaya ke kawowa. Na uku mutane. Da ɗan gari akan ci gari. A aika wa sarki ko hakimi tun da wuri, a nemi dattijon da zai yi magana, a kuma tanadi mai jin Tamajak, domin rabin labarin Galma da Keita a wannan harshe yake. Na huɗu karatu. Littafin Djibo Hamani a kan Adar kafin zuwan Turawa da na Nicole Echard a kan manoman Adar, dukansu na 1975, sun isa malami ya fitar da shafi biyu na tambayoyi ya raba wa yara kafin a tashi.

Akwai kuma tarkon da ya kamata a kauce masa a Keita da Majiya, wato mai da ziyara bikin yabon masu ba da tallafi. Idan abin da yara suka kwaso sunayen ƙungiyoyin waje ne da allunan da aka kafa a bakin hanya, to an koma gidan jiya: wasu ne suka yi tarihi, mutanen gari suka kalla. Tambayoyin da suka dace su ne wa ya ɗauki dutsen, nawa aka biya shi, gonar wa ta zama bayan an farfaɗo da fakon, wace madatsa ce yashi ya cike, kuma wa ke gyaranta bayan masu kuɗin sun tafi. Yaron da ya koyi yin irin waɗannan tambayoyi a gida zai iya yin su a Abome.

Wannan sharhi bai ce a manta da teku ba. Adar ta daɗe da sanin gaɓa: albasar Tarka da ta Galmi tana sauka a kasuwannin Kwatano da Lome da Akara da Abijan, samarin Buza da Keita kuma sun yi shekara da shekaru suna bin wannan hanya neman abin rufin asiri. Ɗalibai da yawa da kuɗin da aka aiko daga can aka saya musu littafi. Don haka duk lokacin da hanya ta samu, balaguron kudu ya fi dacewa ya zama kashi na biyu na darasin da aka fara a garkar Sabon Gida. A bi buhun albasa daga inda aka cike shi har inda aka kwance bakinsa, a sa zangon Hausawa cikin jerin wuraren ziyara tare da fadar Abome da gaɓar Wida, a zauna da sarkin zango kamar yadda aka zauna da dattijan Galma. A nan ne ƙauyen masunta da birnin tarihi za su haɗu da rayuwar yaron da kansa.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Shugabannin makarantu da na ƙungiyoyi, kafin su sa hannu a kan takardar balaguro, ya kamata su duba abu uku: awa nawa yara za su yi a mota, awa nawa za su yi a gaban mai ba da labari, da kuma abin da za su rubuto, da Hausa da Faransanci, idan sun dawo. Takardar da ta kasa amsa waɗannan, a mayar wa masu ita su sake shiri.