Jinjina ga Masu Gina Shafi Don Kunnen Makaho

Akwai aikin da ba ya fitowa a fuskar allo, makaho ne kaɗai ke shaida an yi shi. Ina nufin aikin masu rubuta HTML da tsabta, musamman 'yan koyon da ba su raina shi ba.

Manhajar NVDA, wadda Michael Curran ya fara a 2006 kafin James Teh ya kama masa, dukansu makafi 'yan Ostareliya, tana karanta shafi da murya. Ba launi ko girman harafi take dogara da su ba, alamomin da aka dasa take bi. In magini ya sa h1 a babban take, h2 a ƙanana, makaho zai riƙa tsallakawa daga sashe zuwa sashe da danna harafin H kawai. In kuwa komai div ne, ba alamar take, an sake shi tsakiyar kasuwa ba ɗan jagora. Hoton da ba a rubuta masa bayanin alt ba, tamkar babu shi ne a wajen makaho.

Ni dai a cikin maginan, wanda ya fi burge ni shi ne mai tunawa da tsarin haruffa na UTF-8, har ƙ da ɗ da ɓ su fito da ƙugiyarsu.