Wai Itace Ba Ya Ƙarewa?

'Yan uwana mata, akwai wata magana ta 'yan boko da nake so mu ɗan tankaɗe. Wai itace da gawayi makamashi ne mai sabunta kansa, tunda in an sare bishiya wata za ta tsiro, ba kamar fetur ba. Har a Ingila, tashar lantarki ta Drax tana ƙona dunƙulen garin katako da ake kawo mata daga Amurka da Kanada, kuma da wannan hujjar ake sa wutarta cikin mai tsabta. Ni kam maganar ba ta shige ni ba.

Duk mai girki a nan Nasarawa ta san gawayi mai kyau: mai nauyi, mai daɗewa, wanda zai dafa wake bai mutu ba. To nauyin nan daga ina? Daga ƙirya ne, da marke, da kaɗanya, tsofaffin itatuwan da suka girme mu. Kaɗanya kan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, amma wuni guda ya isa a kayar da ita. Ga ɓarnar ramin ƙonawa, inda ice kilo 5 ko fiye yake komawa gawayi kilo 1. Ki dubi motocin da ke shigowa ta hanyar Kachia, buhu kan buhu, ki faɗa mini wane daji ne zai yi wannan saurin tsiro.

Sai a ce ai ana dashe. Dashen me? Turare da darbejiya, manya su ɗau hoto, washegari awaki su yi kalaci. Ko da sun rayu, turare ba ya ba da man kaɗe, darbejiya ba ta maye gurbin ɗorawar daddawa. Masu lissafin nan bishiya kawai suke ƙirgawa, ba sa tambayar wace iri, ko shekarunta nawa.

Abin haushin, in an tashi faɗa sai a kanmu: mata ku daina gawayi! Mu dafa da me? An janye tallafin kananzir a 2016, risho ya koma ƙarƙashin gado. Matatar man Kaduna da aka buɗe a 1980, ga ta nan kusa da mu, ta shafe shekaru ba ta tace komai. Gas kuwa sai mai hali, shi ma in wata ya yi nisa kurfoti ake jawowa.