BlackBerry da haruffanmu masu lanƙwasa

Kwanakin nan ina jin wasu ƴan ajinmu na kewar BlackBerry, wai ita ce wayar manya, wayar rubutu. A da, a Koira Kano, unguwar manyan ma'aikata da ƙungiyoyin waje, in mutum ya ajiye ta kan tebur an san ba ƙaramin mutum ba ne. Ban musa daɗin maɓallanta ba: yatsa na jin kowane harafi, kana rubutu ko ba ka duba ba.

To amma rubutun wa? An jera maɓallan ne don Turanci da Faransanci. In ka danne e ka murza, é da è za su fito, amma nemi ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ ka gani. Haka ŋ da ɲ na Zabarmanci, yaren da ya ba unguwar sunanta. Sai ƙasa ta zama kasa, ƙafa ta koma kafa, ɗaiɗai ya rikiɗe daidai. Mai karatu ya yi ta canka, har ido ya saba, ana ganin lanƙwasar nan ado ce kawai.

Kamfanin ya rufe hidimar tsofaffin wayoyinsa a Janairun 2022. Yau Gboard na da Hausa, kyauta, a wayar shafa mafi araha. Duk da haka ku duba saƙonninmu na WhatsApp, har yanzu "kasa" muke rubutawa. Wayar ta tafi, ta bar mana ɗabi'ar, kuma yanzu ba mu da maɓallin da za mu ɗora wa laifi.